Shin Ana Gadon Gigin Tsufa?

Idan dattijon da ya shekara hamsin yana bin hanya guda zuwa masallaci ya wayi gari bai gane ƙofar gidansa ba, ko tsohuwa ta dubi 'yar cikinta ta tambaye ta wace ce ita, mukan ce gigin tsufa ne, mu rungumi haƙuri. Amma likitoci sun tabbatar cewa galibin irin wannan ruɗewa cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, wadda wani Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906, har take amsa sunansa.

Abin da ke damun 'ya'ya da jikoki shi ne ko su ma tana jiransu, kuma amsar ta kasu kashi biyu. Akwai zuriyoyi ƙalilan, irin wata babbar zuriya a lardin Antioquia na ƙasar Kolombiya, waɗanda illa guda a ƙwayar halittarsu kan jawo musu cutar tun suna 'yan shekara arba'in da wani abu. Sai dai irin waɗannan ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba. Ga sauran jama'a kuwa, abin da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka gano a 1993 shi ne alaƙar cutar da wata ƙwayar gado mai suna APOE4, wadda in mutum ya gaje ta daga mahaifi ɗaya haɗarinsa kan ninka kamar sau uku, in daga duka biyu ne kuwa ya kan kai wajen sau goma.

Duk da haka, wannan ƙiyasi ne, ba yanke hukunci ba, domin da yawa masu ɗauke da ita sun tsufa da hankalinsu garau, wasu kuma cutar ta kama su alhali ba su da ita. Binciken da aka soma a 1992, aka gwada tsofaffin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka, ya nuna cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, tasirin ƙwayar ma ya fi rauni, wanda ke ishara da cewa abinci da yanayin zama suna da nasu rabo.

Saboda haka mai hankali ya riƙi sababi tare da tawakkali: ya kula da hawan jini da ciwon sukari, ya bar taba, ya motsa jiki, ya nemi maganin raunin ji. Wanda kuma ya ga alamun mantuwa ga mahaifinsa, to, ya kai shi asibiti tun da wuri.