Ostareliya Ta Hana Yara Buɗe Shafi A Dandalin Sada Zumunta

Iyaye da yawa suna kuka wayar hannu ta ƙwace musu yara, har cikin sujada ana latse-latse. Ga abin da Ostareliya ta yi. Majalisarta ta zartar da doka a Nuwamba 2024, ta fara aiki ran 10 ga Disamba 2025: yaron da bai kai shekara 16 ba, ba zai mallaki shafi a Facebook, Instagram, TikTok ko YouTube ba. Ba a hukunta yaro ko iyayensa. Kamfanin da ya yi sakaci shi zai biya tara, har dalar Ostareliya miliyan 49.5. Sai dai WhatsApp, inda matasan ikilisiya suka fi taruwa, dokar ba ta taɓa shi ba.