Shin Ko Kun San? Daga Ƙaura Namoda Zuwa Badarawa

Shin ko kun san cewa sarakunan arewacin Zamfara ba sunan garuruwansu suke amsawa ba? Sarkin Ƙaura Namoda, Sarkin Kiyawa ake ce masa. Na Zurmi, Sarkin Zamfara. Na Moriki kuwa, Sarkin Burmi. Wanda ya bi diddigin waɗannan laƙabai ya karance rabin tarihin yankin ba tare da ya buɗe littafi ba.

Ko kun san Namoda mutum ne? Jarumi ne daga Fulanin Alibawa masu sarautar Zurmi, yana cikin manyan mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma da shi aka ci Alƙalawa, birnin Gobirawa, a 1808. A yaƙin Kiyawa ya kwanta dama. Garin ya ɗauki sunansa, sarautar ta ɗauki sunan inda ya faɗi.

Ko kun san tushen Zamfarawa yana ƙasar Zurmi? A Dutsi tarihin baka ya ce sarakunansu na farko suka zauna, kafin a gina Birnin Zamfara. Gobirawa, ƙarƙashin Sarki Babari, suka ci birnin a ƙarni na 18, sarautar ta yi ta ƙaura har ta tsaya a Anka. Ke nan jihar da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba 1996 tsohon suna ta farfaɗo da shi, ba sabo aka raɗa mata ba.

Wannan rabon na 1996 ne ya bar Isa a Sakkwato ya kawo Shinkafi Zamfara, alhali jiya da yau kasuwarsu ɗaya, aurensu ɗaya.

Shin ko kun san a Ƙaura Namoda layin dogo ya tuƙe? Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso nan a 1929, bai ƙara gaba ba, Sakkwato ba ta taɓa ganinsa ba. Gyaɗa da auduga da fatu ne suka jawo shi, ba son jama'a ba. Amma shi ya mai da garin matattarar fatake da baƙi daga Kudu, kafin kwalejin kimiyya da fasaha ta Tarayya ta zo a 1983 ta ƙara masa jama'a.

Ruwa fa? Kogin Gagare ya ratsa ta Ƙaura, na Bunsuru ta Zurmi, dukansu kogin Rima suka nufa. Fadamunsu ne ke ciyar da kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda har daga Nijar ake kawo mata dabbobi. Ko da yake ɗan ƙasa ba ya cewa Shinkafi. Shinkahi yake cewa, kamar yadda yake cewa Zamhwara.

Ko kun san Badarawa biyu ce? Ɗan Kaduna zai rantse unguwarsu ce, kusa da Malali. To akwai ta ƙasar Shinkafi, tsohon gari mai sarautarsa. Kuma masu sha'awar waƙar fada su riƙe wannan: mahaifiyar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, mutuniyar Badarawa ce, ta wajenta ya gaji kiɗa. Shi an haife shi a Tubali. A ganina, wannan kaɗai ya isa Badarawa tinƙaho.

A siyasa ma yankin ba baya ba ne. Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, ya shugabanci hukumar tsaron farin kaya ta ƙasa daga 1979 zuwa 1983, Mahmud Aliyu Shinkafi kuma ya yi gwamnan Zamfara daga 2007 zuwa 2011. Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji su ne mazaɓar sanatan Zamfara ta Arewa.