Addu'a Cikin Tsanani: Abin Da Ekklisiyar 'Yan'uwa Ta Koya Mana

Ranar 29 ga Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma mamaye Kwarhi, inda hedkwatar Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, take tare da makarantarta ta horar da fastoci mai suna Kulp. Malamai da ɗalibai da iyalansu suka bazama daji, wasu suka nufi Yola, wasu suka tsallaka Kamaru, shugabanni kuwa suka yi zaman wucin gadi a Jos. Wata shida kafin nan, a daren 14 ga Afrilu, an sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. A kudancin Borno da arewacin Adamawa, inda nan ne cibiyarta, majami'u da yawa sun koma toka.

Waɗannan mutane ba su yi sakaci da addu'a ba. Sun yi azumi, sun kwana a durƙushe, duk da haka masifa ta auka musu. To, me addu'ar ta tsinana? Tambaya ce da duk Kiristan da ya taɓa binne ɗansa ko ya rasa gonarsa ya yi wa kansa, ko da bai furta ta a gaban fasto ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan tambaya ba. Cikin zabura 150, kaso mai tsoka kuka ne da ƙorafi, inda bawan Allah yake tambayar Ubangijinsa dalilin jinkiri. Ayuba ya yi gardama har abokansa suka ɗauka saɓo yake yi, amma a ƙarshe su aka tsawata wa. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da yake damunsa, ba a cire ba, sai aka ba shi alherin jurewa. Yesu Almasihu da kansa, a lambun Getsamani, ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke tafe, sa'an nan ya miƙa wuya ga nufin Uba, washegari aka gicciye shi. Ke nan a koyarwar Kirista, dogara ga Allah ba ciniki ba ne, a ce na biya da azumi, a ba ni kuɓuta. Mai addu'a yana faɗar abin da ke ransa ba tare da kwana-kwana ba, sa'an nan ya bar hukunci a hannun Mai shi.

An ga haka a fili a farkon 2020, lokacin da aka kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. A bidiyon da masu tsare da shi suka fitar, ya nemi a yi ƙoƙarin ceto shi, wato bai raina ransa ba. Amma ya nuna cewa bai karaya ba, domin kome yana hannun Allah, ya kuma roƙi 'yan'uwa su kula da iyalinsa in bai dawo ba. Ranar 20 ga Janairu aka kashe shi. Dubban mutane sun yi masa addu'a, kuma ba wanda zai ce bangaskiyarsa ce ta gaza.

Abin da addu'a ta yi wa wannan jama'a sai an duba halinsu ake gane shi. Tushen ikkilisiyar yana Schwarzenau ta ƙasar Jamus, inda Alexander Mack da abokansa suka kafa ta a 1708 bisa aƙidar ƙin ɗaukar makami. Stover Kulp da Albert Helser ne suka kawo ta Garkida, inda aka yi sujada ta farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris 1923. Da tsanani ya zo, shugabanninta suka ci gaba da wa'azin gafara da hana ramuwa, ga mutanen da jininsu yake tafasa. Wanda yake ambaton maƙiyinsa a gaban Allah safe da yamma, da wuya ya wasa masa wuƙa. Sun kuma san cewa maƙwabtansu Musulmi ma an kashe su, an ƙone musu masallatai. Shi ya sa a Gurku ta jihar Nasarawa, wani ɗan ikkilisiyar, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin da 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi suke zaune tare.

Mata su ne ƙashin bayan wannan jimiri. Duk wanda ya taɓa halartar taron zumuntar mata ya san yadda abin yake: zane iri ɗaya, ɗankwali a ɗaure, ana buga tulu ana kaɗa caki, uwar zumunta ta ba da waƙa sauran su amsa. Bayan an ce amin, sai a zagaya da kwano, a tara kuɗi ko mudun masara a kai wa gwauruwar da aka kashe mijinta. A wurinsu addu'a da aiki tafiyarsu ɗaya, kamar yadda Bahaushe yake cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Wannan darasi ya kamata ya iso biranenmu, inda tsadar rayuwa ta buɗe kasuwa ga masu sayar da man shafawa da ruwan addu'a, suna yi wa talaka alkawarin arziki cikin kwana bakwai. In abin bai yiwu ba, sai a ce masa bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, ya koma gida da talauci da kuma zargin kai. Wannan zalunci ne, kuma ba shi da tushe a Littafi Mai Tsarki.

EYN ta koma Kwarhi, ta kuma yi bikin cika shekara 100 a 2023, ko da yake har yau akwai 'yan matan Chibok da ba su dawo ba. Saboda haka, 'yan'uwa, in wani a cikinku yana cikin wahala, kada ku tuhumi bangaskiyarsa. Ku durƙusa tare da shi, ku bar shi ya yi kukansa a gaban Allah, in kun tashi kuma ku tambaye shi ko akwai abinci a gidansa.