Cutar Kwamfuta Mai Neman Fansa: Alamu da Magani

Wannan muguwar manhaja tana kulle takardun da ke cikin kwamfuta, sannan ta nemi kuɗin fansa. A 2017, wadda ake kira WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150.

Alamunta su ne: takardu su ƙi buɗuwa, sunayensu su sauya, saƙon neman kuɗi ya bayyana.

Masu shagunan buga takardu a Birni da Zangon Damagaram su lura: a raba kwamfutar da intanet nan take, a zare ma'ajiyar USB. Kada a biya, domin biya ba ya tabbatar da dawowar takardu. Masani ya goge kwamfutar, ya sake ɗora Windows. Cire cutar ba ya buɗe abin da ta kulle, sai kwafin da aka adana waje ɗaya daban. Rigakafi ya fi magani.