Yadda ɗalibi ke sauya bizar karatu zuwa ta aiki a Birtaniya

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi tura ɗalibai jami'o'in Birtaniya a 'yan shekarun nan, kuma da yawa daga cikinsu na fatan samun aiki a can idan sun kammala. Dokar ƙasar ta buɗe musu ƙofofi biyu, kowace da sharuɗɗanta da wa'adinta.

Ƙofa ta farko ita ce bizar masu kammala karatu, wadda ake kira Graduate, da aka fara bayarwa a watan Yulin 2021. Tana ba mai digiri na farko ko na biyu damar zama shekara biyu, mai digirin digirgir kuma shekara uku, yana aikin da ya samu ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba. Gwamnati ta rage wa'adin shekara biyun zuwa wata 18 ga duk wanda ya nema daga ranar 1 ga Janairun 2027.

Dole ne a nemi wannan biza daga cikin Birtaniya, kafin bizar karatu ta ƙare, kuma bayan jami'a ta sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida cewa ɗalibin ya kammala. Wanda ya nema a kan lokaci yana da izinin zama har a yanke hukunci, amma idan ya yi tafiya ƙasar waje kafin nan, za a ɗauka ya janye buƙatarsa. Ban da kuɗin neman bizar, akwai harajin kiwon lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun farko.

Sau ɗaya ake samun bizar, ba a sabunta ta, kuma shekarunta ba sa shiga lissafin shekara biyar da ake buƙata kafin neman izinin zama na dindindin ta hanyar aiki.

Ƙofa ta biyu ita ce bizar ƙwararrun ma'aikata. A nan sai an samu aiki a wurin da ke da lasisin ɗaukar baƙi, wanda zai ba mutum takardar shaidar ɗaukar nauyi. Tun daga watan Yulin 2023 aka hana ɗalibin digiri na farko ko na biyu sauyawa zuwa wannan biza kafin ya gama karatunsa.

Babban ƙalubalen shi ne albashi. Mafi ƙarancin abin da doka ta gindaya ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara a watan Afrilun 2024, sannan zuwa 41,700 a watan Yulin 2025, lokacin da aka kuma taƙaita yawancin guraben ga ayyukan da ke buƙatar digiri. Sababbin shiga aiki na da rangwame, inda ake iya karɓar fam 33,400, sai dai rangwamen ba ya wuce shekara huɗu, kuma zaman da aka yi da bizar Graduate na cikin lissafin. Wanda ya cinye shekara biyu a kanta, biyu kacal suka rage masa kafin a nemi cikakken albashi.

Saboda haka neman aiki tun ana aji ya fi jira sai an karɓi sakamako. Gwamnatin Birtaniya na wallafa sunayen wuraren aikin da ke da lasisi a shafinta na intanet, kuma kowa na iya dubawa kyauta. Doka ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin takardar ɗaukar nauyi, don haka duk dillalin da ya ce zai sayar da ita abin gudu ne, domin takardar bogi na iya jawo soke biza da hana shiga ƙasar na tsawon shekaru.