Ɓeran Masar mai ɗingishi: a gano dalili kafin a ba da magani

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, idan ka leƙa bayan ɗaki, kusa da akurkin kaji ko gidan tantabaru, za ka iske ɓeran Masar, dabbar nan marar wutsiya da ake kira cobaye da Faransanci. Galibi yara ne ke matsawa a sayo musu, amma daga baya ɗawainiyar ciyarwa kan uwa take komawa, don ita ce mai kawo ragowar ganye daga kasuwa da marece. Akwai kuma masu kiwo domin su sayar da ƴaƴan.

Ana nan, wata rana sai a lura babban cikinsu ya bar guje-guje, ya lafe a lungu. In ya tashi sai ya riƙa tsalle da ƙafafun baya a haɗe kamar zomo, in an ɗauke shi ya yi ƙara. Sai a ce sanyi ne ya kama shi, a karɓo kafso wurin mai tallar magani, a ɓare a zuba mishi cikin ruwa. Bayan ƴan kwanaki sai zawo, sai mutuwa, yara su yi ta kuka. A irin wannan hali sau da yawa maganin ne ya kashe dabbar, ba ciwon ba.

Ko da yake ana ce mishi na Masar, asalinshi daga duwatsun Andes ne na Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, kuma a ƙarni na 16 aka kai shi Turai. Yakan yi shekara 5 zuwa 7 a duniya idan ya samu kula. Namiji babba yakan kai giram 900 zuwa 1200, mace kuma giram 700 zuwa 900. Abubuwa uku ne suka fi kawo mishi ciwon gaɓɓai, kuma kowane da maganinshi daban.

Na farko: rashin bitamin C

Akuya da tunkiya da zomo duk jikinsu na yi musu bitamin C da kanshi. Ɓeran Masar kuwa kamar ɗan Adam yake, sai ya ci a abinci zai samu. Ta kanshi ne ma aka fara gane wannan cuta sosai: a shekarar 1907 wasu likitoci biyu na ƙasar Norwai, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen Masar hatsi zalla, sai suka kamu da irin cutar da ke kashe matuƙan jiragen ruwa masu daɗewa a teku ba ɗanyen ganye, ba ƴaƴan itace.

To wannan shi ne abin da ke faruwa a gidan da ake ba shi dussa da hatsi da ragowar tuwo kawai. Cikin mako 2 zuwa 3 alamu ke fitowa: gwiwoyi su kumbura saboda jini na tsattsafowa cikin gaɓa, dasashi ya riƙa jini, gashi ya yi buzu-buzu, dabbar ta ƙi cin abinci. Ƙanana masu tasowa da mata masu ciki ne ya fi kamawa, kuma sau da yawa ba ɗaya yake kamawa ba, tunda kwano guda suke ci.

Na biyu: gyambon tafin ƙafa

Tafin ƙafar ɓeran Masar ba shi da gashi kamar na zomo. Idan aka ajiye shi cikin keji mai ƙasan waya, ko bisa siminti mai kaushi da jiƙe da fitsari, tafin yakan yi ja, ya kumbura, ya fashe. Ƙwayoyin cuta su shiga, in an daɗe ba a kula ba su kai ga ƙashi da gaɓa. Mai ƙiba ya fi saurin kamuwa. Da an juya ƙafar an duba ƙasanta ake ganin shi.

Na uku: cinyewar gaɓa ta tsufa

Wannan shi ne sanyin ƙashi irin na tsofaffinmu. Guringuntsin da ke rufe bakin ƙashi yana cinyewa sannu a hankali, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, musamman a gwiwa. Ɓeran Masar yana da saurin kamuwa da shi, har masu binciken magani suna amfani da wani iri mai suna Dunkin-Hartley domin nazarin ciwon gwiwar mutane, saboda gwiwarshi kan fara lalacewa da kanta tun yana ɗan wata 3. A wancan bincike an ga cewa waɗanda aka rage wa abinci don kada su yi ƙiba, gwiwarsu ba ta lalace kamar ta sauran ba. A gida dai an fi ganin wannan ciwo ga manya da suka ba shekara 3 baya. Ba ya zuwa rana ɗaya, kuma da sanyin safiya, lokacin ɗari, ya fi tsananta.

Yadda za ku gane

Dabba ce mai ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa. Saboda haka sai an sa ido. Ku sake shi bisa tabarma ku kalli tafiyarshi. Ku duba ko ya bar miƙewa tsaye bisa ƙafafun baya idan an kawo ganye. Ku duba bayanshi: mai ciwon gwiwa ba ya iya lanƙwasa ya gyara jikinshi, sai gashin wurin ya cuɗe da fitsari da kashi. Akwai wani kashi mai taushi da yake ci kai tsaye daga jikinshi, wanda cikinshi ke buƙata. In ya kasa lanƙwasawa, za ku riƙa ganin shi zube a ƙasa. Farce ma kan yi tsawo ya karkace saboda rashin tafiya.

Ƴan kasuwa kuma kuna da kayan aikin da ya fi kowane: sikeli. A auna shi sau ɗaya a mako, rana guda, a rubuta. Idan nauyi na raguwa mako bayan mako, akwai abin da ke cin shi. Idan kuma ya wuni ya kwana bai ci komai ba, maganar ta gaggawa ce, domin hanjinshi kan tsaya cik.

Likitan dabbobi zai taɓa gaɓoɓin ya ji kumburi ko ƙara, ya duba baki da haƙora da tafin ƙafa, ya tambayi abin da ake ba shi. Inda akwai na'urar ɗaukar hoton ƙashi, ita ke tabbatar da cinyewar gaɓa. Ku faɗa mishi gaskiyar abincin da kuma duk maganin da kuka riga kuka bayar.

Magani, da wanda ba magani ba

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Magungunan dangin fenisilin, kamar amoxicilline da ampicilline da suka cika farantan masu talla, guba ne ga ɓeran Masar. Haka érythromycine da clindamycine. Suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinshi, miyagu su yaɗu, sai zawo da mutuwa. Ban da haka, irin wannan magani ba ya komai ga rashin bitamin ko ga cinyewar gaɓa. Gyambon ƙafa ne kaɗai ke iya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma likita ne zai zaɓi wanda dabbar ke iya ɗauka.

Maganin raɗaɗi na mutane ma kada a gutsura mishi. Ƙwayar da aka yi domin mutum mai kilo 60 ba ta raba kanta daidai ga dabba mai kilo 1. Wanda likitocin dabbobi suka fi ba da shi domin ciwon gaɓa shi ne méloxicam na ruwa, ana ɗiga shi a baki gwargwadon nauyi. Ba ya mai da guringuntsin da ya cinye, amma yana rage zafi har dabbar ta koma ci da tafiya. Ana kula ta riƙa shan ruwa sosai saboda ƙoda.

Rashin bitamin C kuwa maganinshi na bisa teburinku. Babba lafiyayye na buƙatar kamar miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinshi a rana, mace mai ciki kamar miligiram 30. Babban tattasai marar yaji, wanda ake kira poivron, yanka ɗaya mai kyau ya isa buƙatar yini. Ganyen shu kaɗan, ɗanyar ciyawa mai tsabta, da ɗan yankan gwaba ko lemu jefi-jefi duk suna taimakawa. Salati da karoti ba su da bitamin C mai yawa, kada a dogara da su. Albasa, tafarnuwa da dankalin turawa kuwa ba a ba shi sam. Wanda ciwon ya riga ya kama, likita kan ba shi bitamin a baki ko ta allura, kuma in an fara da wuri yakan miƙe cikin mako ɗaya zuwa biyu. Zuba bitamin cikin ruwan sha ba ya da tabbas, domin haske da zafi na lalata shi da sauri. Kuma kada a ce tunda yana da amfani a yi ta ɗurawa: wani bincike da aka yi a jami'ar Duke ta Amurka a 2004 ya nuna bitamin C mai yawa na tsawon watanni ya ƙara wa ɓerayen Masar ciwon gwiwa.

Gyaran wuri

Tsohon da gwiwarshi ta cinye ba ya warkewa, amma yana iya zama cikin sauƙi. A raba shi da ƙasan waya. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi da kauri ko tsohon zane, a canza da ya jiƙe. A sa abinci da ruwa kusa da wurin kwana, cikin kwano marar zurfi, kada ya zama sai ya hau wani abu. Busasshiyar ciyawa kada ta yanke gabanshi dare da rana, ita ke tafiyar da hanji, ita ke rage haƙoran da ba su daina tsiro. A rage dussa da hatsi ga mai ƙiba. A yanke farce, a wanke bayanshi da ruwan ɗumi a tsane. A bar shi ya ɗan zaga kullum, domin gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take.

Lokacin ɗari a kare shi daga iska. Da bazara kuma haɗarin ya fi girma, domin dabbar duwatsu ce mai son sanyi-sanyi, zafin da ya haura digiri 28 zuwa 30 na iya kashe shi, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna wuce 40. Mai ciwon ƙafa ba ya iya gudu daga rana. A ajiye shi inuwar da ba ta gushewa, kusa da randa ko bisa ƙasa mai sanyi.

Masu saye, ku sa a sauke muku shi ƙasa ku ga tafiyarshi, ku juya ƙafa, ku duba gwiwa kafin ku ba da kuɗi. Masu sayarwa kuma, ku gaya wa yaron da ya zo da ƴan dalolinshi cewa dussa kaɗai ba ta riƙe wannan dabba, a haɗa mata da ɗanyen ganye kullum. Wanda dabbarshi ta rayu, wurinku zai sake dawowa.