Damina Nawa Ake Bukata Kafin a Yanke Hukunci Kan Shuka Ba Huɗa?

Tun a shekarar 1943, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Edward Faulkner ya wallafa littafin da ya soki amfani da garma, masana aikin gona ke muhawara a kan ko ya fi kyau a shuka iri ba tare da an juya ƙasa ba. Abin da ya sa aka saurare shi kuwa shi ne bala'in guguwar ƙura da ta kwashe ƙasar gonaki a tsakiyar Amurka cikin shekarun 1930. Yau shekara tamanin da ɗoriya ke nan ana wannan magana. To, yaushe ne ya kamata a ce ta isa?

Amsar tana cikin ƙasar gona. Idan manomi ya daina huɗa ya bar karan amfanin gona a kwance, ƙwayoyin halittun da ke ruɓar da karan sukan riƙe sinadarin naitirojin na ɗan lokaci, ciyawa kuma ta ƙaru, har yabanya ta yi rauni. Sai an yi damina da dama kafin tana da saiwoyi su buɗe ƙananan hanyoyin da ruwa zai bi ya shiga ƙasa, ruɓaɓɓen kara kuma ya taru ya riƙe danshi. Saboda haka wanda ya yanke hukunci bayan damina ɗaya, wahalar kaɗai ya gani.

Wannan ne dalilin da ya sa masana ke daraja gwaji mai tsawon rai, irin wanda aka fara a Wooster ta jihar Ohio a 1962, da wanda Rattan Lal ya gudanar a cibiyar IITA ta Ibadan cikin shekarun 1970. A 2015 kuma wasu masana ƙarƙashin Cameron Pittelkow suka tattara sakamakon ɗaruruwan gwaje-gwaje daga ƙasashe sama da 60. Sun gano cewa amfanin gona yakan ragu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, sa'an nan yawancin irin shuka su kamo na gonar da aka huɗa cikin shekara 3 zuwa 10. Sun kuma nuna cewa hanyar ta fi biya a wuraren da ke da ƙarancin ruwan sama, muddin an bar kara a gona kuma ana sauya irin shuka.

Sharaɗin barin kara shi ne ƙashin bayan zancen a ƙasar Hausa. Shuka da sungumi a jigawa ba tare da huɗa ba tsohon abu ne ga masu noman gero. Amma karan dawa da harawa abincin dabbobi ne, da kara ake danga da makamashi, ɗan abin da ya rage kuma gara ta cinye da rani.

Ke nan muhawarar tana da amfani matuƙar tana tafe da awon amfanin gona guda, damina bayan damina, har zuwa shekara goma in da hali. Da zarar ƙasa ta ba da amsarta, sai a koma ga tambayar da ta fi damun manomi: me shanu za su ci idan an bar wa gona karanta?